Ku Zo Mu Mayar wa Dakta Hamidu Gaisuwarsa

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa. Dakta Hamidu ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Madam Rifkatu ce ta kira ni, wadda ke riƙe da ɗakin gwajin jini na sashenmu. Ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta ce, "Oga, ka zauna tukuna." Na ce mata a zaune nake, alhali ina tsaye. Ta ce, "Motan Dakta ya faɗi a hanyan Ngurore. Kafin a kai shi asibiti ya cika."

Har yanzu ban san wanda ya sauke butar nan daga kan wuta ba.

Yadda abin ya faru, kowa da irin tasa. Wasu sun ce taya ce ta fashe. Wasu sun ce wata mota ce ta matse shi gefe ta yi gaba abinta. Ba na wurin, kuma ba zan faɗi abin da idona bai gani ba. Abin da na sani shi ne, Hamidu irin direban nan ne da keke mai ɗauke da buhunan masara ke wuce shi a kan titi, har mai keken ya waigo ya duba ko lafiya. Gonarsa ya tafi dubawa da sassafe, a hanyar da ya sani kamar tsakar gidansu.

Za a yi jana'izarsa yau bayan la'asar a ƙofar gidan iyayensa da ke Mbamoi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa, domin akwai abin da zan roƙe ku. Don Allah ku karanta har ƙarshe.

Ga wanda bai san mu ba, ofis ɗaya muka zauna da shi shekara da shekaru a jami'a. Shi lafiyar al'umma yake koyarwa, ni ƙididdiga. Ya girme ni, don haka Hamma nake ce masa, wato yaya da Fulatanci. Shi kuma Bakano yake ce mini, duk da kakana ne ya zo daga Kano da sana'ar jima, ni a Jimeta aka yanke mini cibiya.

Duk wanda ya san Hamma ya san shi da gaisuwa.

Ba irin tamu ta ɗaga hannu a wuce ba. Tsayawa yake yi cak, ya miƙa hannu biyu, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya da zafin gari, sannan ya juya harshe zuwa Fulatanci ya sake farowa daga "jam na". Mai gadi, mai faci, mai kifi a bakin gada, shugaban sashe, duk tsawon gaisuwarsu ɗaya. Idan ka kuskura ka raka shi kasuwar Jimeta sayen tumatir, to ka sallama wannan safiyar.

Na sha yi masa tsiya. Na ce, "Hamma, in kansila kake so ka fito fili mana, mu buga maka fosta." Sai ya yi dariyar nan tasa marar sauti, kafaɗu kawai ke rawa, ya ce, "Bakano, kai dai riƙe mini leda."

Na daɗe ina ɗauka hali ne kawai. Halin ne, amma akwai dalili a ƙarƙashinsa, kuma dalilin ne ya sa nake wannan rubutun maimakon in zauna a kan tabarma in yi kukana.

Shekarar da mutanen Mubi da Michika suka kwararo Yola da ƙafa, Hamma ya cika gidansa na Mbamba da mutanen da bai taɓa gani ba, har shi da iyalinsa suka koma ɗaki ɗaya. Kullum yana sansanin 'yan gudun hijira yana taya masu jinya aiki. A can ya lura da wasu maza, samari da magidanta, da ba sa taɓa shiga layin gwajin jini. Sai jiki ya gama lalacewa a kawo su a keke, ido ya faɗa, tiramol da kodin sun cinye su. Ya bi abin a hankali har ya gane cewa maza ne masu neman maza. Wasu haka suke tun can garinsu. Wasu yunwar gudun hijira ce ta jefa su hannun waɗanda suka fi su ƙarfi. Suna shan ƙwaya don su samu barci, ko su manta abin da suka gani a hanya, ko kafin su haɗu da wani, in sun sha kuma ba mai tuna kariya. Cuta mai karya garkuwar jiki na yawo a tsakaninsu, tana bin wasu har ɗakin matansu, kuma ba mai zuwa asibiti saboda tsoron tambayar farko da za a yi masa.

Wannan ya mayar bincikensa, tun daga digirinsa na uku har yau da safe.

Na san wasunku sun fara yamutsa fuska. Ku yamutsa. Ni ma ranar da ya faɗa mini sai da na tashi na rufe ƙofar ofis. Na ce, "Hamma, duk cututtukan da ke Adamawa, ga zazzaɓin cizon sauro ga amai da gudawa, ka rasa wadda za ka ɗauko sai wadda za ta ƙona mu?" Ya ce, "Waɗancan suna da masu bin su. Waɗannan in sun mutu, ko abin da ya kashe su ba a faɗa." Ya ce shi ba alƙali ba ne kuma ba limami ba ne, an koya masa ya nemo marasa lafiya ne ya gano yadda za su warke. Na ce to ni dai ba ruwana. Mako bai zagayo ba sai ga ni zaune ina yi masa lissafin.

Bari in faɗi wannan da kyau, saboda na san ba masoya kaɗai ke karanta shafina ba. Hamma bai taɓa rubuta sunan kowa ba. Ko unguwa ba ya rubutawa. Ni da na yi masa ƙididdiga tun daga farko, lambobi kawai na taɓa gani. Wanda ke tunanin fasa ofis ko neman kwamfutarsa, ya huta da wahala.

To, irin wannan bincike yana da ƙa'ida, mu ma muna koya wa ɗalibai a aji. Idan ka haɗu a waje da wanda ka yi hira da shi, ka yi kamar ba ka san shi ba, don kada ka tona masa asiri. Hamma ya gwada. Ya dawo ofis ransa a ɓace, ya jefar da hula a kan tebur, ya ce, "Wanda ya tsara wannan bai taɓa zama a Yola ba. A garin nan in na wuce mutum ban gaishe shi ba, kafin in sha kwana an fara tambayar me ya haɗa mu." In kuma su kaɗai ya gaisar, ya nuna su da yatsa ke nan.

Sai ya yanke shawarar gaida kowa. Kowa da kowa, gaisuwa iri ɗaya, da fuska iri ɗaya. Mai bin sa da ido ya bi har ya gaji, ba zai iya cewa wannan ɗan cikin binciken ne, wancan kuma mai faci ne kawai ba.

Shekaru yana haka. Ƙafafunsa na kumbura, abinci na hucewa a gida, matarsa na mita. Ni da muke tebur da tebur, wallahi har yau ban san ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Mai yiwuwa na sha sayen nama a wurin wani. Mai yiwuwa mun yi sahu ɗaya ranar Juma'a.

Ba aikin kaɗai nake kuka ba, mutumin nake kuka.

Ranar da haihuwa ta zo wa matata da gardama, aka ce a nemo jini, ina can ina ta kiran 'yan'uwa a waya. Ashe Hamma ya riga ya shiga ya kwanta an ɗiba. Da ya fito yana layi, maimakon ya zauna, sai ya tsaya gaida nas.

A aljihun teburinsa kullum akwai burodi da gyaɗa. In ɗalibi ya shigo ya ga leɓensa a bushe, sai ya ce, "Taya ni da wannan, na ƙoshi, kada ya lalace." Ni kuwa na san bai ci komai ba, don tare muka shigo.

Duk Litinin yana kawo mini kindirmo daga wurin Dada, mahaifiyarsa. Yana ajiyewa sai ya ce, "Bakano, sha, ko ka yi jiki ka daina faɗa da mutane." Ban yi jikin ba, faɗan ma ban daina ba.

Abin ya fara lalacewa ne bayan wani taron bita da ya gabatar da sakamakon aikinsa. Wani a cikin zauren ya ɗauki hotonsa tsaye a gaban allo, da taken binciken rubuce a bayansa. Kafin a watse hoton ya shiga guruf-guruf na waya, da rubutu a ƙasa cewa wai turo shi aka yi ya yaɗa abin a cikin gari. Ba wanda ya tambayi me ke cikin takardar da ya gabatar. Da sun tambaya, da sun ga yawancinta a kan yadda za a raba mutum da ƙwaya ne, da yadda za a sa shi ya yarda a gwada jininsa ya fara shan magani.

Daga nan sai ƙananan abubuwa. A masallacin unguwa wanda ke kusa da shi ya ɗan matsa, ya bar giɓi a sahu. Wanzaminsa ya ce yau akwai layi, alhali benci wayam. Aka daina aiko wa 'yarsa ƙawayenta su tafi Islamiyya tare. Kira yana shigowa, in ya ɗauka sai ya ji numfashi kawai.

Na ce masa ya ɗauki hutu ya tafi Jalingo wurin ƙaninsa har ƙura ta lafa. Ya ce, "In na tafi, wa zai raka su karɓar magani?"

Haɗuwarmu ta ƙarshe a makon jiya ce, da hantsi, a kasuwar Jimeta. Na raka shi sayen kayan miya, ina mita kamar kullum. Ya fara gaisuwarsa. Mai albasa ya amsa. Mai manja ya amsa yana kallon gefe. Da muka iso layin mahauta, wani da Hamma ya shekara yana sayen nama a wurinsa ya ci gaba da wasa wuƙa, ya bar hannun Hamma a miƙe. Na gaba ma haka. Ban taɓa ganin an bar gaisuwa a ƙasa a kasuwar nan ba sai ranar.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Hamma, don Allah ka daina zubar da kanka a gaban waɗannan. Wanda bai amsa ba ka rabu da shi."

Ya ce, "In na fara zaɓe, wanda na gaisar gobe ya shiga uku."

Ya ƙarasa layin tas, tebur bayan tebur, har da waɗanda suka juya masa baya.

Da muka fito bakin titi sai ya taɓa ni, ya ce, "Ka ga mai baƙin gilashin can? Tun daga bakin gada yake bina da waya." Na waiga na gan shi, jingine da wani keke, wayar a tsaye a hannunsa tana kallonmu. Na ce mu tafi. Hamma ya miƙo mini leda, ya tsallaka titi, ya je ya miƙa wa mutumin hannu biyu. Ina jin sa daga nesa, ya gida, ya yara, ya zafi. Mutumin ya rasa yadda zai yi da wayar, ya mayar da ita hannun hagu ya amsa.

Da ya dawo na ce, "Ka san shi ne?" Ya ce, "A'a. Amma shi ma ɗan wani ne." Ya karɓi ledarsa, ya ce sai Litinin.

Yau da na isa Mbamoi, mutumin nan na tsaye a gindin dalbejiyar da ke tsallaken gidan. Gilashin nan, wayar nan a tsaye. Ba shi kaɗai ba ne wannan karon.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, amma fiye da rabi ba kowa a kai. Gidan mutumin da ya gaida garin nan kaf. Wani maƙwabci ya ja ni gefe ya kunna mini saƙon murya da ke yawo tun da safe. Ban san muryar ba. Cewa yake, a bari a ga su wa za su zo su yi masa kuka, duk wanda ya zo an san ko shi wane ne, kuma za a bi kowa har gida.

Na shiga wurin Dada. Tana zaune a kan buzu, carbi a hannu, ba ta kuka. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, an ce mutane ba za su zo ba. Gaskiya ne?" Na ce za su zo, Dada. Na fito ban san ko gaskiya na faɗa mata ba.

Ina fitowa wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Muryar namiji ce. Ya ce, "Malam, ba ka san ni ba. Dakta ne ya ba ni lambanka, ya ce in wata rana ban same shi ba in kira ka." Sannan ya ce, "Ranan da na sha abu ya fi ƙarfina, kowa ya gudu. Shi ya ɗauke ni a kafaɗa ya sa a mota. Yanzu na daina, ina shan maganina, ina aiki. Malam, ina so in yi masa salla. Ba ni kaɗai ba ne. Amma mun ji saƙon nan. Mu zo ne, ko mu zauna?"

Ban tambayi sunansa ba, kuma na goge lambar. Na ce masa ya ba ni lokaci kaɗan, ya duba shafina.

Ga lissafin, tunda shi kaɗai na iya. Idan kowa ya ji tsoro ya zauna a gida, waɗanda za su zo su ne waɗanda zuciyarsu ba za ta bar su su zauna ba. Za su tsaya su kaɗan a fili, wayoyin can na kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da Hamma ya kumbura ƙafa yana ɓoyewa shekara da shekaru, jana'izarsa ce za ta tona shi a yamma ɗaya. Akwai masu mata da 'ya'ya a cikinsu. Kun san garin nan, kun san abin da taron jama'a ke iya yi wa mutum in an nuna shi.

Don haka ga roƙona.

Idan Dakta Hamidu ya taɓa tsayar da kai a hanya ya gaishe ka, ka zo ka mayar masa. Kai mai faci, kai mai gadi, ku masu kifi a bakin gada, ku ɗalibansa da kuka ci burodin nan, ku mutanen Mubi da Michika da kuka kwana a falonsa. Ku masu keke, ku ɗauko wanda ba shi da abin hawa. Ku mahauta da kuka bar hannunsa a miƙe, ban riƙe ku ba, shi ma na san bai riƙe ku ba, ku rufe tebur ku zo. Ba na tambayar ra'ayinka a kan bincikensa. Ka ƙi shi in kana so. Musulmi ne ya rasu, kuma yana da haƙƙin salla a kanka.

Madam Rifkatu ta ce za ta zo da matan zumuntar cocinsu su zauna da Dada da matarsa. Mata, ku cika cikin gida. Ku ci gaba da zuwa har a tashi zaman makoki, don masu wayar ma ba yau kaɗai za su tsaya ba.

Ku kuma da ke gindin dalbejiya, na san kuna karantawa. Ku yi cajin wayoyinku da kyau. In kun gaji da tsayuwa, akwai wuri a sahu.

Kai da ka kira ni, ga amsarka. Ba zan yi maka alkawarin da ba ni da ikon cikawa ba, ni ma tsoron nake ji. Ka tsaya daga nesa ka duba. In ka ga titin ya cika har mutane sun tare hanya, ka shigo, ka tsaya a tsakiyar sahu, ka yi masa sallarka. In ka ga tabarmi wayam, ka juya ka tafi gida, ka yi masa addu'a a ɗakinka, Allah na ji. Kada ka neme ni, kada ka nuna mini kanka. Ka ci gaba da shan maganinka.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Hamidu. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa mala'iku su tarbe shi da sallama kamar yadda ya tarbi bayinka bai zaɓa ba. Ka ba Dada haƙuri, ka ba matarsa da 'ya'yansa juriya, ka tsaya musu. Ka rufa asirin waɗanda ya rufa wa asiri. In akwai hannu a mutuwarsa, kai ka gani, mun bar maka.

Ku taya ni yi masa addu'a. Duk wanda ya karanta, ya rubuta a ƙasa, kuma ina roƙon ku rubuta abu ɗaya, "Allah ya jiƙansa". Kada kowa ya ƙara labarin yadda ya san shi, ko me ya yi masa. Ku rubuta da yawa, ku tura wa wasu.

Sai mun haɗu a Mbamoi bayan la'asar. Zan tsaya a bakin ƙofa, kuma zan gaida kowa.